Ba Fuskarki Ba Ce, Duhun Ɗaki Ne

Ya fita! Wallahi ya fita tar, babu ɗigo ko ɗaya, babu dishi-dishi! Yanzun nan na dawo daga shagon wankin hoto, ko takalmi ban cire ba na ɗauki biro.

Af, kin ga ko gaisuwa ban yi ba. Uwar 'ya'yana, inuwar da na shekara arba'in da ɗaya ina hutawa a ƙarƙashinta, ruwan randata a tsakar rana, ina gaishe ki. Yaya mai jego? Yaya sabon mijin naki, wannan mara haƙori da ya ƙwace mini ke sati uku cur, ko kunyata ba ya ji?

Kin tuna ranar da na fara ɗaukar ku da 'yar kyamarar nan da babban ɗanmu ya kawo mini? Na miƙo miki ina ta washe baki. Kika duba, kika daɗe kina dubawa. Fuskarki ta fito kamar an watsa mata yashi, idanun nan da suka hana ni barci tun ina saurayi sun zama wasu tabo biyu. Kika ce a hankali, "Ashe haka na koma?" Kika mayar mini da ita. Tun daga ranar, da na ɗaga kyamara sai ki ja mayafi ko ki tuna kin bar tukunya a wuta. Ina da hoton yaron nan da uwarsa, da ubansa, da gwaggonsa, har da maƙwabciyar da ta shigo aron tsintsiya. Ke kaɗai ce babu. In ya girma ya ce ina kakata, me zan nuna masa? Bayan mayafi?

Maganar nan taki ta tsaya mini a wuya. Ni da nake kallon fuskar nan kowace safiya, na san ƙarya aka yi miki, amma da me zan kafa hujja? Sai na kwashi kyamarar na kai wa mai hoton nan na kusa da shagon aski. Ya duba, ya bushe da dariya. "Baba, ka rufe labule, ka kashe fitila don kada jariri ya farka, sannan ka ce ta gani? Ai ba mage ba ce!"

Ya nuna mini wata lamba da ake kira ISO. In haske ya yi ƙaranci, kyamara takan ɗaga ta da kanta, ta yi ta ƙoƙarin gani a duhu, to wannan ƙoƙarin ne yake fitowa ɗigo-ɗigo. Tawa ta haura dubu shida. Sannan akwai wani wuri a cikinta da yake goge ɗigon, shi kuma an ƙure shi. Nan take na gane, don aikina ne. Kafinta in ya matsa wa katako da samfefa, santsi zai yi, amma zanen itacen ya tafi. Haka ta yi miki: ta zuba yashi, ta dawo ta goge har da ke. Ga maiƙon yatsana a kan gilashin, ga hannun nan nawa da ya fara rawa. Laifi huɗu, babu naki ko ɗaya!

Na sa ya faɗa mini sannu-sannu, na rubuta a bayan kwalin sabulu da irin rubutun da na koyo a ajin yamma, wanda kike cewa kamar sawun kaza. Kwana biyar ina gwaji a kan butar shayinki.

To ranar Talata da na zo, kin tuna na yaye labule na ce ɗakin yana son iska? Ba iska nake nema ba, ki yafe mini. Na goge gilashi, na sauke lambar zuwa ɗari huɗu, na rage gogewar, na ɗora kyamarar a kan teburin guga kamar na gaji da riƙonta. Na danna, na janye hannu, ta ƙirga daƙiƙa biyu da kanta. Ke kuwa kina bakin taga, kin sunkuya kina yi wa angon naki waƙa, ba ki san abin da ake ciki ba.

Wayyo, abar ƙaunata, da kin gani! Hasken safiya ya kwanta a kumatunki kamar yadda yake kwanciya a kan ruwan tafki. Ana ƙirga gashin idonki ɗaya bayan ɗaya. Furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali tana sheƙi kamar zaren azurfa. Yatsun yaron biyar sun naɗe babban yatsanki, har faratansa ana gani. Wane fure ne ya taɓa buɗewa haka bayan ruwan sama? Wane wata ne ya kai ki kwanciyar haske?

Ba zan ɓoye miki ba, layukan gefen idonki sun fito, duk sun fito. Mai hoto ya ce zai iya share su kafin ya wanke. Na ce in ya taɓa ko ɗaya mun ɓata. Na san ranar da kowannensu ya zo. Akwai na shekarar da autarmu ta kwanta asibiti. Akwai na dariyar da kike yi mini in na tsaya tsakiyar titi ina haɗa baƙaƙen allon talla da ƙarfi. A gabana aka zana su, da ni aka zana su, wa ya isa ya goge?

Roƙona ɗaya ne: kada ki ƙara ɓuya. Ki bar ni in ɗauke ki kina dariya, kina faɗa, kina gyangyaɗi a kujera. Ni naki ne tun gashina yana baƙi, naki ne yau da babu gashin, naki ne har ranar da za a rufe mini ido.

Tun jiya na yi wa hoton firam da ragowar katakon gadonmu, da na ajiye biron nan zan kafa shi a falo, daidai inda rana take faɗowa da hantsi. Zan lulluɓe shi da zanenki, don ke za ki fara buɗewa. Ki zo ranar Asabar, ki taho da mai jego da mijinta da wannan ɗan ƙwacen. Ki gaya wa yayarki, ki gaya wa matan layinmu, ni zan kira mai aski da mai hoto da duk abokan ajinmu da suka rage. Ƙofa a buɗe take, kowa ya zo ya ga matata!