Inna ta ce ka biyo ta Birchi

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Ikko? Tun da ka tafi Legas ɗin nan ba mu gan ka ba. Mu nan ƙauyenmu Rawayau sai godiya, amma jikin Inna ya ƙi daɗi, koko ma da ƙyar take sha.

Na gaya mata saƙonka, cewa an rufe filin jirgin da ke kusa da mu ana gyaran titin da jirage ke sauka, ana sa masa fitilu da shinge, shi ya sa ka ɗaga zuwanka. Ita "titi" kawai ta ji. Ta ce, "In titi ya lalace, ya biyo ta hanyar garin Birchi a babur mana!" Na yi bayani har na gaji.

Tun ranar ta sa muka kai tabarmarta kusa da zaure. Duk babur ɗin da ya tsaya, sai ta gyara kallabi.

Ka gaida kowa, ku sa ta a addu'a. Gyaran nan alheri ne, amma kada ka jira a gama shi. Hau mota ka taho, Yaya. Jiya babur ya tsaya, ba ta ɗaga kai ba.

Ƙanwarka,
Binta