Rimin Shamuwa

Goron Dutse, Kano
Maris, 1954

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can gandun dajin da aka tura ka. Bayan haka, mutanen ofishinku sun zo hurumin bayan dutse da igiyar awo, sun shafa wa rimin shamuwa jan fenti. Wai sabon mai gidanku zai share wurin ya jera darbejiya don itacen girki. Rimin da duk unguwa ke kallo kafin a fitar da iri! In shamuwa ba su sauka a kansa ba, wa ka taɓa gani ya yi shuka?

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babbansu ya ce ai rimin kogo ne da shi ta sama. Daga ƙasa ba a ganin kogon nan. Ni da kai muka san shi, tun muna hawa muna rataya wa Baba amyar zuma. To, wa ya gaya musu? Ni dai ban faɗa ba.

Uwargidana, Yaya Turai, tana gaishe ka. Wassalam.
Ɗantani

*

Afrilu, 1954

Zuwa ga Yaya Ɗantani,

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, takardarka ta iso ta hannun masinjan mai gida, kuma shi zai kawo maka wannan. Birni na bukatar itace, mai gida kuwa ya fi mu hangen nesa. Mu namu bin umarni.

Ina tambaya, Yaya: amyoyin Baba suna nan a kan rimin? Nawa ne suka rage, kuma da zuma a ciki? Ina so a bar su yadda suke. Shamuwa kuma sun fara gilmawa?

A gaishe da Yaya Turai da yara. Haza wassalam.
Ƙanenka, Maharazu

*

Afrilu, 1954

Maharazu,

Muna lafiya. Na tambaye ka abu ɗaya, ka amsa mini da hangen nesan mai gidanka. Lallai kaki ya karɓe ka.

Har da ƙirga amyoyin Baba! Na ba Malam Nata'ala mai karanta mini takardu ya sake karanta mini wurin, shi ma ya ce wannan tambayar masu ƙwace ce, ga masinjan sai leƙen rimin yake yi. A bar su yadda suke don ku zo ku tarar a cike ko? To, ba ku samu ba. A ranar na hau da hayaƙi na sauke su kaf, na kai gonar surukina. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Turai ta ce in yi maka uzuri, na ce sai ka fara ba ni amsar kogo.

Shamuwa ba su zo ba tukuna.
Ɗantani

*

Afrilu, 1954

Yaya,

Wannan ta hannun Isiyaku mai lori na aiko, don haka zan yi magana a fili. Masinjan nan ba ya kai takarda sai mai gida ya karanta.

Ni na faɗi maganar kogo, don masu zarto su san ba za su sami katako ba, ko su yi sanyi. Bai isa ba. Sai na tsaya gaban mai gida na ce tun kakanni ba a sare itacen da ke ɗauke da amya sai mai ita ya sha zumarsa. Da ƙyar ya yarda, don yana gudun rigima da unguwa. Lissafina shi ne, kafin ka sha zuma shamuwa sun yi sheƙa, kuma ka san ba mai zarton da zai taɓa itacen da shamuwa ke kwanci a kai. In damina ta wuce, kuɗin aikin sun koma wani wuri. Leƙen da masinja ya yi, aiko shi aka yi ya tabbatar akwai amya.

Don Allah, Yaya, ka mayar ko da guda ɗaya ce, yau ɗin nan. Zai sake zuwa dubawa.

Ƙanenka, Maharazu

*

Mayu, 1954

Ƙanena Maharazu,

Lorin Isiyaku ta lalace a hanya. Takardarka ta same ni ina zaune a kan kututturen.

Shekaranjiya shamuwa suka iso. Suna ta kewaya wurin, har yanzu ba su sauka ba. A unguwa kowa kai yake zagi, ni kuma na fara bi gida gida ina gaya musu wanda ya sauke amya.

Ka yafe mini. Wassalam.
Yayanka, Ɗantani