Inna, Baƙuwarki Ta Rasa Gidan Komawa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fata kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san saƙo ba ya isa inda kike, amma maganar ta fi ƙarfin in riƙe ta ni kaɗai.

Inna, rijiyarmu ta Gangaren Tudu ta ƙafe. Damina ta ɗauke da wuri, rani ya zo ya yi zaune. Da guga ya fara dawowa da laka, muka kira mai yasar rijiya. Yana sauka ya turo mana kififiyarki a cikin guga, ta noƙe wuya tana hararar kowa.

Ina tuna ranar da kika zo da ita daga rafi a kwanon wanki, kika ce za ta riƙa cinye mana tsutsotsin ruwa. Kika sa mata suna Baƙuwa. Duk wanda ya ce kififiyarmu sai kin gyara masa: "Aro muka yi. Ranar da rijiya ta gaza, a mayar da ita wurin danginta."

Na bi maganarki. Na saka ta a baho, na ɗauka har rafin.

Inna, babu rafi. Dutsen nan da danginta suke jeruwa a kai suna shan hantsi, da mun matso su faɗa ruwa tsundum, yana nan shi kaɗai cikin yashi da sawun tipa. Ɗan kududdufin da ya rage, masu lambu sun sa masa inji. Na bi gaɓa ina dubawa, ban samu komai ba sai busassun ƙoƙunan bayansu. Na tsaya da baho a ka, na rasa wanda zan miƙa wa ita. A nan na yi kukan da ban ƙarasa ba ranar jana'izarki.

Na dawo da ita gida. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, wadda kullum take tsokanarki cewa wata rana sai ta yi farfesun Baƙuwa, ita ce yanzu ke kawo mata guntun kifi. Wai ta tsufa, ko tukunya ba za ta karɓe ta ba. Tana faɗa tana share ido da bakin zane.

Baƙuwa tana cikin bahon wankinki, a gindin mangwaro. Duk jarkar ruwan da ta shigo gidan nan, ita ake fara zuba wa, yadda kika koya mana yi wa baƙo.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya saukar da ruwa, Ya sa akwai danginta da suka ɓuya a ƙarƙashin laka. In rafi ya dawo na ga ko ɗaya a kan dutsen nan, zan cika maganarki. In ban gani ba, ki yafe mini, zan daina kiranta Baƙuwa.

Mai kewarki kullum,
Autarki