Kilo Goma Sha Shida Sun Tafi, Iyalina Suna Kuka

Teɓata ta tafi! Kilo goma sha shida cif, cikin wata biyar, ba gudu, ba tsalle, ba magani. Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum Malama, ina gajiya, ya fama da jama'a? Ki yi haƙuri, murna ce ta sha gaban ladabi. Don Allah ki taimake ni, domin ni ina cikin farin ciki, gidana kuwa kamar an yi rasuwa.

Ni mai awo ne a wani babban sito na hatsi. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye gaban sikeli, lebura ya dire buhu, in dubi allura, in kira lamba. Lamba na san ta tun ina saurayi, amma baƙi sai da na haura hamsin na koye shi, a ajin manya na yamma, a kan bencin da cikina ba ya shiga tsakaninsa da tebur. In kin ga rubutun ya karkace, hannun ne ya makara, ba hankalin ba.

Da wannan ɗan karatun nawa na karanta abin da kika rubuta bara, cewa yawan ƙiba yana ƙara wa mutum haɗarin ciwon dajin ciki. Sau uku na bi shi da yatsa. Yayana da nake bi, wannan ciwon ne ajalinsa, kuma shi ma Allah Ya hore masa jiki. Mu haka gidanmu yake, ƙofa ma a kaikaice muke shigarta. A lokacin kilona ɗari da goma sha biyu, leburori suna kirana Buhu da Gyara.

Na ɗaura ɗamara. Na bar sukari kwana biyu, rana ta uku na rama. Na yi tafiyar ƙasa sau ɗaya, na dawo a mota. Daga nan na bar wa Allah. To Malama, sai ga abu ya fara sauka da kansa. Kowace Litinin kafin motoci su iso nakan tuɓe takalmi in hau sikelin buhuna, mai gadi ne shaidata. Ɗari da tara. Ɗari da biyar. Ɗari. Wannan makon casa'in da shida. Kuma sikelin nan ba ya ƙarya, ni nake saita shi da hannuna.

Har cin ma Allah Ya yaye mini. Loma huɗu, biyar, na ƙoshi, kamar an ajiye mini dutse a ƙahon zuciya. Nama, wanda da nake jiyo ƙamshinsa tun daga bakin layi, yanzu ko kallo bai ishe ni ba. Na ji wasu har asibiti suke zuwa neman abin da zai rage musu ci, ni ga shi ya zo mini har gida. Ƙwannafin da na shekara goma da shi yana nan, amma mun saba, farin maganin nan na kwalba nake kurɓa. Matakalar ofis takan sa ni haki, wannan kuwa shekaru ne. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa a jarida: kwanan nan bayan gidana yakan fito baƙi kamar kwalta. A ganina kitsen ne yake ƙonewa yana fita.

Babban abin murnar shi ne jikata, 'yar shekara huɗu, da muke kira 'Yar Fitina. Tun da aka haife ta ba ta taɓa zama a cinyata ba, don ba ni da cinyar, teɓa ta mamaye wurin. In na ɗora ta sai ta zame kamar sabulu. Watan jiya ta hau ta zauna daram, ta zagaye ni da hannu, ta shelanta wa gida cewa yanzu ta fasa sakina, tunda na zama saurayi. Malama, na yi dariya har da hawaye. Yanzu ina ganin yatsun ƙafata. Da kaina nake ɗaure igiyar takalmi. Tela ya rage mini wando sau biyu.

Amma mutanen gidana ba su san arziki ba. Uwar yara ta ɗauka girkinta na raina. Ta sauya tukunya, ta sauya mai, ta tsaya a kaina tana ƙirga lomata. Ita kuma 'yata, mahaifiyar yarinyar, da ta dawo daga tafiya ta gan ni, sai jakarta ta faɗi, ta shige kicin tana kuka. Ba shawara ba komai ta je ta yankar mini kati, wai in ga likita ranar Alhamis ta sama. Na ce asibiti na marasa lafiya ne, me zan ce wa likita, na zo ƙarar sauƙi? Ta ce ai baffanta marigayi ma haka ya rame. Na ce kada ta haɗa: shi ciwo ne ya ramar da shi, ni kuwa ramar ce za ta kare ni daga ciwon, kuma a jarida aka rubuta. Sai ta rantse ba za ta sake taka gidana ba sai na je. Yau kwana goma sha biyu ban ga 'Yar Fitina ba. Cinya ta samu, mai zama a kai babu.

'Yar tawa ma tana karanta filinki. Don Allah ki rubuta mata cewa ubanta ya tsira, ta bar ɗaga wa mutane hankali. Duk wanda kuma yake shakka, ke da masu karatu gaba ɗaya, ku zo sito ranar Litinin da safe, zan hau sikeli a gabanku ku gani da idonku.

Naki,
Tsohon Buhu da Gyara

*

Wa alaikumus salam Baba,

Barka da ƙoƙari. Wanda ya zauna a benci da furfurarsa ya koyi baƙi, ya cancanci a gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

Abin da ka karanta daidai ne. Yawan ƙiba yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo, musamman a saman tumbi, inda ƙwannafi ke yawan ƙuna. Rage ƙiba alheri ne. Amma ramar da ake yabo ita ce wadda mutum ya nema da guminsa, ya rage ci da gangan, ya motsa jiki, ta zo a hankali. Taka ba ka neme ta ba. Da bakinka ka ce kwana biyu ka yi ka bari. Ni ma ina da laifi, da na faɗi rabin magana ban ƙarasa ba.

Kai mai awo ne. In buhu ya shiga sito da kilo ɗari da goma sha biyu, bayan wata biyar ka same shi casa'in da shida, kuma ba wanda ya ɗiba, taya mai kaya murna kake yi, ko kwance bakin buhun kake yi ka duba?

Ba na ce kana da ciwon daji ba. Ba ni da ikon faɗin haka daga wasiƙa, kuma gyambon ciki, ciwon sukari da wasu cututtuka masu magani suna ramar da mutum haka. Sai dai rama ba dalili, saurin ƙoshi, ƙin nama, haki, daɗaɗɗen ƙwannafi, ga ɗan'uwa da ya rasu da ciwon, duk likita zai so ya ji su. Baƙin bayan gidan kuwa ba kitse ba ne, kitse ba ya fita ta nan. Sau da yawa alama ce ta jini yana zuba a ciki. Saboda shi kaɗai, kada ka jira Alhamis. Ranar da ka karanta wannan, ranar za ka je. In jiri ya ɗebe ka ko ka yi aman jini, ko takalmi kada ka tsaya ɗaurewa.

Ka tafi da lambobin nan naka na kowace Litinin, likita zai ji daɗinsu. Ka faɗa masa komai, har wanda ka ce ba a faɗa a jarida. Wataƙila a ɗebi jininka, a kuma zura siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro a leƙa. Ba daɗi, amma 'yan mintoci ne. Abin da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani nesa ba kusa ba.

Ke kuma 'yar Baba, kin yi gaskiya, amma ki sassauta. Raba tsoho da jikarsa horo ne ga mutum biyu, kuma ina zaton mahaifinki ya fi ki tsoro. Wanda ya tabbata lafiyarsa ƙalau ba ya neman shaidar jarida. Ki je ki ɗauke shi da kanki, ki zauna kusa da shi a layin. A kuma gaya wa Mama girkinta ba shi da laifi.

Gayyatar Litinin na gode, Baba, amma ba zan zo ba, kuma ina fata kai ma ba za a same ka a sito ba. Ka fara zuwa inda ya kamata. Allah Ya sa a ji alheri, Ya ba ka lafiya da nisan kwana, ka ga auren 'Yar Fitina da idonka.