Raka'a ta Biyar

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau na ja malamai sallar Azahar a makaranta, na miƙe raka'a ta biyar. "Subhanallah" ta taso daga baya, kuma na rantse muryar Malam Zailani, mataimakina, ta fi ta kowa ƙarfi. Kamar dama jira yake. Shekara uku ya riga ni fara aiki, amma ni aka ba riƙon ƙwaryar makarantar.

Na yi ba'adi, aka shafa, aka watse. Tun a kan babur wata murya a kaina take cewa: wanda bai iya ƙirga huɗu ba, shi zai riƙe yara ɗari shida?

Laraba, 9 ga Oktoba

An kira daga Dutse. Ranar 21 in je in faɗa ko na karɓi shugabancin dindindin, ko a ba wani. Wanin ai an san shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ina shiga ɗakin malamai hira ta mutu. Malama Alheri ta ce wai tsadar taki suke tattaunawa. Taki, ana tsakiyar girbi?

Na tura Modibbo, dattijon da ke koyar da addini, ya yi limanci. Na ce maƙogwarona ne. Sai da na tayar da kabbara na tuna Azahar ba a bayyana karatu. Yanzu sun ƙara da cewa maƙaryaci ne ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Matata Mashkura ta ce ina magana ni kaɗai a kan tuwo. Na zayyana mata yadda duk garin nan na Taura ya raina ni. Ta ce in kama sunan mutum ɗaya da ya faɗa na ji da kunnena. Na kasa, sai haushi ya kama ni. Wataƙila ita ma so take in faɗi mu koma Dutse kusa da mahaifiyarta. Astagfirullah. Amma dai.

Talata, 15 ga Oktoba

Modibbo ya tare ni a gindin darbejiya.

"Shugaba, wanda ya yi rafkanwa sujada biyu ce a kansa, ka kuma yi. Wanda kokwanto ke zuwar masa kullum kuwa, ba a ce ya bi shi ba, cewa aka yi ya ƙyale shi ya ci gaba da sallarsa. Kai yau kwana takwas kana rama sallar da ta inganta."

Na ce Allah gafarta Malam, na gode. A zuciyata ina tambayar wa ya aiko shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na gwada yi wa muryar nan irin tambayar da Mashkura ta yi mini. Duk abin da muryar ta ce, sai in ce wa ya faɗa? Sau bakwai kafin tara. Na gaji, ita ba ta gaji ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ashe ba duka ne zargi ba. Zailani ya shigo ofis, bai zauna ba.

"Malam, na rubuta wa Dutse cewa na fi ka cancanta. Gara ka ji daga bakina."

Ya yi zafi, ba zan ɓoye ba. Mutum ɗaya ne. Ni kuwa goma sha huɗu na lissafa, har da matata.

Litinin, 21 ga Oktoba

A mota muryar ta ce in nemi ƙarin lokaci. A bakin ofis ta ce rigata ta yamutse, kuma gaskiyarta. Na shiga da ita a haka, na ce na karɓa. Ba wai na yarda na iya ba ne, kar in ruɗi kaina.

Darakta ya ce in ina so za a ɗauke mini Zailani zuwa wata makarantar. Na ce a bar mini shi. Babu wanda ya kai shi iya tsara jadawalin darasi. Kuma cikin masu cewa ban isa ba, shi ne mai sauƙin: a fuska yake faɗa, ƙarfe biyu kuma ya tashi aiki.