Arba'in da Bakwai

Auta,

Ina gaishe ki, ya aiki? Mu nan lafiya, 'yarki ta fara kama nono sosai. Na rubuto ne saboda in na kira ki a waya za ki rufe ni da bayani har in manta abin da na kira ki a kai.

Ranar da kika zo duba mu, na nuna miki takardar gwajin da aka yi mata, na tambaye ki kalmar da ke samanta. Kina riƙe da jaririyar a cinyarki kika ce kariyoloji ke nan, nazarin cibiyar ƙwayar halitta. Kika faɗa mini asalin kalmar, har da yadda ake furta ta. Na yi dariya, na ce ba a banza muka kai ki jami'a ba.

Jiya likita ya ba ni sakamako, ɗalibai biyu na tsaye a bayansa suna rubutu. Ya ce an haife ta da lalurar da za ta sa komai nata ya zo a makare. A ƙasan takardar na ga sa hannunki, da kwanan wata. Kwana biyu ne kafin zuwanki.

Auta, kin sani kika zauna kina shan shayina?

Yayarki.

Yaya,

Ina gaishe ki da jego. Eh, na sani.

A ɗakin gwajinmu jini ba ya zuwa da suna, lamba ce kawai. Mutum biyu ke duba kowanne, kowa ya ƙirga nasa ya sa hannu. Ni ce ta biyu. Na ga ranar haihuwa da ɗakin da aka kwantar da ku, na gane. Doka ta ce in miƙa wa wani. Ban miƙa ba, domin na ɗauka abokiyar aikina ce ta yi kuskure, kin san ni da ganin kuskuren mutane.

A cikin cibiyar ƙwayar halittar mutum akwai wasu zarurruka, kuromosom, guda arba'in da shida. Na sa ido a madubin duba ƙwayoyi na ƙirga na 'yata: arba'in da bakwai. Na duba ƙwaya ashirin. Har gilashin idona na goge, kamar shi ne mai laifi.

Akwai wata dokar kuma, cewa likita ne ke faɗa wa iyaye. Gaskiya ce, kuma tun da na fara aiki ban taɓa ƙaunar doka kamar ranar ba. Na zo gidanki da niyyar karya ta. Sai kika tambaye ni ma'anar kalma, na ga ƙofa a buɗe, na shige. Na ba ki amsar da za a ba ni maki goma a jarrabawa. Ina magana ina kallon ƙananan kunnuwanta, ina jin muryata tana fita tsaf.

Ba ni da hujja. Kunyarki ta hana ni kiran waya.

Ƙanwarki.

Auta,

Na karanta. Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce.

Amma ina buƙatarki. Babanta tun ranar sai wanke mota yake yi safe da yamma. Innarsa ta tare a falo, tana cewa su dai a danginsu ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ki zo ranar Asabar ki yi musu bayani, tunda bayani ne sana'arki.

Ni kuwa abu biyu nake so ki faɗa mini, da bakin da Mama ta koya mana: za ta yi tafiya? Za ta kira ni?

Ki gaida mutanen wurin aikinku.

Yayarki.

Yaya,

Sannu da gida. Ina rubuta wannan a kan teburin kicin ɗinki.

Na yi musu bayani. Babanta ya saurara, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To 'yar boko, shi wannan zaren na ƙarin, daga wajen wa ya fito?"

Na ce, "Madubinmu ba ya nuna wannan, Inna. Kuma ba laifin kowa ba ne."

Ta ce to mene ne amfanin madubin. Na ce ni ma na sha tambayar kaina.

Na leƙa ɗakinki. Kina kwance da ita a ƙirji, idonki a rufe. Tun muna yara na san numfashinki in kina barcin gaske, wannan ba shi ba ne.

Za ta yi tafiya, sai dai ba da wuri ba. Za ta kira ki. Ranar Talata za a duba zuciyarta, na ɗauki hutu, zan jira a bakin asibitin ko ba ki kula ni ba.

Zan ja ƙofar a hankali.

Auta.