Jarrabawar Baba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Baba ya kakare a Fatiha yau da magariba. Fatiha fa! Mutumin da yake limancin masallacinmu na Kwarbai tun ba a haife ni ba. Yaya Sadiƙu ya ce na sahun gaba sun yi ta tuna masa, sai kawai ya waiwayo yana kallonsu.

Juma'a, 10 ga Mayu
Mata sun cika gida suna yi mana sannu. Bakinsu ɗaya: "Jarrabawa ce, Sakinatu, za ta wuce." Shi Baba ne ma ya koya mana haka muna yara, cewa jarrabawa ba azaba ba ce, gwaji ne, kuma tana da ranar ƙarewa. To amma likita ya ce ciwon mantuwa ne, gaba yake yi. Ban iya gaya musu ba.

Talata, 21 ga Mayu
Ya ɓace da hantsi, ina wanki. Na fita ko mayafi babu. Sai bayan la'asar wani mai shayi ya riƙo hannunsa daga Ƙofar Jatau, ba takalmi, wai gidan innarsa yake nema. Na rungume shi ina kuka. Ya ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa?"

Laraba, 22 ga Mayu
Na sa wa zaure kwaɗo. Ni na kulle Baba.

Lahadi, 2 ga Yuni
Na tambayi Yaya, wai jarrabawar ta wa ce, tunda shi Baba bai san ana gwada shi ba? Ya ce in yi istigfari. Na yi.
Ɗazu na rasa inda na ajiye makulli. Ko ana gadon abin nan?

Alhamis, 18 ga Yuli
Kwanan nan Mero yake kirana, sunan ƙanwarsa da ta rasu tuntuni. Kullum sai na gyara masa, shi kuma ya firgita ya ƙi cin abinci. Yau da ya ce "Mero," sai na ji bakina ya ce, "Na'am, Yaya." Ya yi dariya, ya matsa mini a tabarma. Mun cinye tuwon tas, har yana tura mini naman.
Don ya ci ne kawai na amsa.